Tsayuwa da ƙafa ɗaya da juya siffa a zuci: yadda ake auna su, da yadda ake horar da su tare

Kawuna tela ne, ya fi shekara talatin a kan keke. Idan aka kawo masa atamfa mai zanen fure, ba ya shimfiɗa ta sau biyu. Zai riƙe bakin yadin, ya ƙura masa ido, sai ya ce, "In na yanka hannun nan ta wannan gefe, furen zai kalli ƙasa. Mu juya shi." Bai taɓa almakashi ba tukuna. A cikin kansa ya ɗaga ƙyallen, ya kifa shi, ya ga yadda zai zauna a kafaɗar mai riga. Da ya yi wata doguwar jinya aka yi ta yi masa allurai, sai ya tashi da wani abu da bai saba da shi ba. Da rana yana tafiya lafiya lau, amma da zarar an ɗauke wuta sai ya fara tangaɗi kamar ƙasa na motsi. Abin da ya fi ba ni tausayi, wata rana ya ce da ni, "Ɗana, layukan kasuwar nan da na sani tun ina yaro, yanzu sai na tsaya na yi tunani kafin in gane ina ne gabas." A lokacin na ɗauka matsala biyu ce, ɗaya ta ƙafa, ɗaya ta tsufa. Ashe a wuri guda suka samo tushe.

Abin da ya haɗa ƙafa da tunanin wuri

Mutumin da ke tsaye ba a daskare yake ba. Jikinsa na ɗan rangaji gaba da baya, hagu da dama, ƙwaƙwalwa kuma tana gyara shi ba tare da ya sani ba. Labarin da take aiki da shi daga wuri uku yake zuwa: ido, da jijiyoyin tafin ƙafa da gaɓoɓi masu faɗa mata inda kowace gaɓa take, da kuma wata 'yar na'ura da Allah ya ajiye can cikin kunne. A kowane kunne akwai bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, kowanne na fuskantar ɓangare daban, su ne ke jin juyawar kai. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi, su ke gane sama da ƙasa da kuma tafiya a miƙe. Yaron da ya yi hajijiya ya tsaya ya ga duniya na juyawa, ruwan bututun nan ne bai gama tsayawa ba.

Saƙon kunnen nan ba a ƙafa kaɗai yake ƙarewa ba. Yana kaiwa sassan ƙwaƙwalwa da ke lura da wuri, ciki har da wani sashe da ake kira hifokamfos, inda taswirar wuraren da ka sani take. A kan binciken wannan taswira ne John O'Keefe da May-Britt Moser da Edvard Moser suka samu kyautar Nobel a 2014. A 2005 kuma Thomas Brandt da abokan aikinsa a Jamus sun duba marasa lafiya 10 da suka rasa aikin na'urar kunnen a ɓangarori biyu. Sun tarar hifokamfos ɗinsu ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100, kuma suna shan wahalar tuna hanya, alhali sauran tunaninsu na nan daram. Da na karanta wannan, kawuna ne ya faɗo mini a rai.

Shi kuma juya siffa a zuci, Roger Shepard da Jacqueline Metzler ne suka fara auna shi a 1971 a Amurka. Suna nuna wa mutum hotuna biyu na wasu tubala da aka harhaɗa, ɗaya an karkata shi, a tambaye shi ko abu ɗaya ne ko kuwa ɗaya kishiyar ɗayan ne irin ta madubi. Iya yawan karkatar, iya tsawon lokacin da amsa ke ɗauka, kusan digiri 60 a kowane sakan. Wato mutum juya abin yake yi a kansa sannu a hankali, kamar yadda zai juya shi da hannu.

Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na Beth Kerr da abokan aikinta a 1985. Sun rufe wa ɗalibai ido, suka tsayar da su ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsu, suka ba su aikin tunawa iri biyu: na jera lambobi a gurabe a cikin zuci, da na kalmomi zalla. Wahalar tsayuwar ta ɓata aikin gurabe, ba ta taɓa na kalmomi ba. Ayyukan biyu a rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Gaskiya ita ce a wajen matasa masu lafiya alaƙar da ake aunawa ba ta da girma sosai, kuma ta fi fitowa idan abin da ake juyawa gaɓar jiki ce, musamman ƙafa, ko idan tsayuwar mai wuya ce. Amma inda ake buƙatarta, wato wajen tsofaffi da masu larurar kunne da yara masu tasowa, a nan take da nauyi.

Mataki na farko: gyara wuri

Ka nemi kusurwar ɗaki, bango a bayanka da gefenka, kujera mai ƙarfi a gabanka wadda ba ta da taya. Ka cire takalmi da safa. Daɓen siminti ko tayil busasshe ya fi, kada ka fara a kan tabarmar roba mai santsi. Idan ka haura shekara 60, ko ka taɓa faɗuwa a shekarar nan, wani ya tsaya kusa da kai. Kada ka yi gwajin da yunwa mai tsanani, ko da la'asar ɗin azumi, ko nan take bayan ka sha maganin hawan jini ko mai sa barci. Ka tanadi agogon waya da ɗan littafi.

Mataki na biyu: auna tsayuwarka

Tsayuwa huɗu za ka yi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma ba a tsallake ɗaya.

Ka haɗa ƙafafu biyu, hannuwa a gefe, ido a buɗe, sakan 30. Sai ka rufe ido ka sake. Wannan shi ne gwajin da likitoci ke kira da sunan Romberg, wani likitan Jamus na ƙarni na 19. Idan kana tsayawa ƙyam da ido a buɗe amma ka fara faɗuwa da zarar ka rufe, alama ce ido ne ke rufa wa ƙafa ko kunne asiri, kuma ya kamata likita ya ji labarin.

Na uku, ka sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, dunduniya na taɓa yatsun ta baya, sakan 30, sannan ka sauya ƙafar gaba.

Na huɗu, ƙafa ɗaya. Ka ɗora bayan ƙafar da ka ɗaga a kan sha-raɓar wadda ke ƙasa, hannuwa a gefe, ido a kan abu guda a bango. A haka aka yi wani bincike a Birazil da aka buga a 2022, na mutum 1,702 masu shekara 51 zuwa 75. Kusan ɗaya cikin biyar ya kasa kai sakan 10 a gwaji uku, kuma a shekarun da aka bi diddiginsu an fi samun mutuwa a cikin waɗanda suka kasa. Kada wannan ya tsorata ka. Kasa tsayuwar ba shi ke kashe mutum ba, manuniya ce ta halin da jiki ke ciki gaba ɗaya, kamar yadda ma'aunin zafi ke nuna zazzaɓi. Ka yi sau uku a kowace ƙafa, ka rubuta mafi tsawo. Bambanci mai yawa tsakanin hagu da dama ma abin rubutawa ne.

Mataki na uku: auna juyawar zuci

Ba sai da kwamfuta ba. Ka sa wani ya yanka maka kwali guda 20. A kan goma ya rubuta harafin R ko F ko G daidai, a kan sauran goman ya rubuta su a juye yadda suke fita a madubi. Ya cakuɗa su, ya riƙa ajiye maka ɗaya bayan ɗaya a karkace, wani a kwance, wani a kife. Aikinka ka ce "daidai" ko "madubi". Sharaɗi ɗaya ne: ba ka karkata kai, ba ka taɓa kwalin. Ka rubuta lokacin da ka ɗauka kafin ka gama da adadin kurakurai.

Sai na gaɓoɓi, wanda ya fi kusa da maganar tsayuwa. A ɗauki hotunan ƙafafu da hannuwan wani da waya, na hagu da na dama, ta sama da ta tafi, kowanne a karkace daban. Kai kuma ka riƙa cewa hagu ko dama. Ka lura da abin da ke faruwa a jikinka. Za ka ji kamar kana son murɗa taka ƙafar ta shiga yanayin ta hoton, kuma hoton da ƙafarka ba za ta iya kwaikwaya cikin sauƙi ba shi zai fi cin lokaci. Lawrence Parsons ya nuna haka a 1987. A nan ƙwaƙwalwa ba kallo kawai take yi ba, jikinka take ara ta gwada.

Akwai na uku da nake so ƙwarai, domin namu ne na yau da kullum. Bahaushe da gabas da yamma yake kwatance, kuma sau biyar a rana yana neman alƙibla. Ka tsaya a tsakar gida ka rufe ido, wani ya juya ka a hankali, rabin zagaye ko fiye, ya tsayar da kai. Kafin ka buɗe ido ka nuna gabas, ka nuna ƙofar gida, ka nuna masallacin unguwa. Tunda ido a rufe yake, kunne da ƙafa ne kaɗai suka ƙirga juyawar, su suka gyara taswirar da ke kanka. Babu gwajin da ke nuna haɗuwar abubuwan biyu a fili kamar wannan.

Mataki na huɗu: horar da tsayuwa ita kaɗai

Minti goma a rana ya wadatar, kwana huɗu ko biyar a mako. Ka fara daga tsayuwar da ta ɗan ba ka wahala amma ba ta kayar da kai ba. Ƙa'idar ita ce idan kana iya sakan 30 sau uku ba tare da dafa kujera ba, ka ƙara wahala ta hanya ɗaya tak. Hanyoyin su ne ka matse ƙafafu, ko ka rage dafawa daga hannu biyu zuwa yatsa ɗaya zuwa babu, ko ka hau abu mai laushi kamar bargo da aka ninka huɗu ko yashi, ko ka riƙa juya kai hagu da dama a hankali, ko ka rufe ido. Rufe ido shi ne na ƙarshe. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya hau matashi ya rufe ido a rana ɗaya don ya ga iyakarsa.

Juya kai ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ke taɓa kunne kai tsaye. Ka manna takarda mai harafi ɗaya a bango daidai idonka, ka kafe ido a kan harafin, ka riƙa girgiza kai kamar mai cewa a'a, sakan 20 zuwa 30, harafin kuma kada ya dushe. Idan ya dushe ka rage sauri. Sai ka yi na sama da ƙasa. Ɗan jiri kaɗan da ke wucewa cikin 'yan mintoci ba laifi ba ne, da shi ƙwaƙwalwa ke koyo. Wanda ya kai ka ga amai ko ya wuni tare da kai, ka wuce gona da iri.

Ka haɗa da ƙarfin cinya da sha-raɓa. Tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba sau goma, ɗaga dunduniya sau goma sha biyar, tafiya a kan layin tayil dunduniya na bin yatsu taku goma gaba, taku goma baya. Ƙwaƙwalwa na iya ba da umarnin gyara a kan kari, amma idan tsokar ba ta da ƙarfin cikawa, faɗuwa za a yi.

Mataki na biyar: horar da juyawar zuci a zaune

Wannan baiwa ce da ake ƙarawa da aiki. David Uttal da abokan aikinsa sun tattara bincike sama da 200 a 2013, suka ga horo na inganta tunanin wuri ga maza da mata, yara da manya, kuma ingancin na ɗorewa. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka fara hasashe, sannan ka tabbatar da hannu. Ka ɗauki kofi mai mariƙi, ka ce idan na kifa shi na juya shi rabin zagaye, ina mariƙin zai kalla, sai ka yi ka gani. Ka ninka takarda biyu, ka sake ninkawa, ka yanke kusurwa ɗaya, ka zana abin da kake tsammanin gani kafin ka buɗe. Ka warware kwalin ashana ko na sabulu ka shimfiɗa shi, ka nuna wane gefe ne zai fuskanci wane idan an mayar. Ka zana taswirar gidanku yadda tsuntsu zai gan shi, sannan ka sake zana ta kamar kana shigowa ta bayan gida. Mai buga dara ya gwada kallon gurabensa ta idon abokin karawarsa.

Mataki na shida: haɗa su

Bayan mako biyu ko uku, idan kowanne ya zauna, sai a gwama. Ka tsaya ƙafa a gaban ƙafa, wani ya riƙa ɗaga maka katunan haruffa daidai idonka kana amsawa. Idan ya yi sauƙi, ka koma ƙafa ɗaya da hotunan ƙafafu. Daga nan ka ajiye katin, ka yi da baki: kana tsaye da ƙafa ɗaya, ka kwatanta hanya daga ƙofar gidanku zuwa kasuwa, kwana bayan kwana, sannan ka kwatanta dawowa, inda duk hagu ta zama dama. Za ka ji ƙafarka ta fara rawa daidai inda kwatancen ya rikice maka. Wannan karon da ayyukan biyu ke yi shi ne abin da Kerr ta auna, sai dai a gwajinta aikin gurabe ne ya ɓaci.

Doka ɗaya ce a nan ba ta canzawa: idan ayyukan biyu suka yi karo, tsayuwa ce gaba. Ka saki lissafin ka dafa kujera. Dalilin wannan mataki shi ne rayuwa ba ta ba mutum aiki ɗaya ɗaya. Tsohuwa na tsallaka kwata tana neman layin gidan biki, ana kuma yi mata magana. A Suwidin a 1997 masu bincike sun lura cewa tsofaffin da ke tsayawa cak da tafiya idan an yi musu magana sun fi faɗuwa a watanni shida masu zuwa. Idan ka ga haka ga mahaifiyarka, kada ka ɗauke shi ladabin saurare kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 684,000 ke mutuwa a shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki.

Yara

Su ba sa buƙatar kusurwa da agogo, wasanninsu sun riga mu. Langa ita ce babba: yaro ya kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, yana tsalle, yana ture abokin hamayya, yana lissafin ta inda zai ɓulle. Tsayuwa da tunanin wuri ne a dunƙule. Haka tafiya a kan ƙaramin dakali, da 'yar gala-gala, da gina ɗaki da laka ko mota da karan dawa. Ina jin takaicin yadda muke ɗaukar waɗannan a matsayin ɓata lokaci, muna ƙwace yaro daga gare su mu zaunar da shi da waya. Yaron da ke rikita b da d a farkon karatu ma ba dolo ba ne. Ƙwaƙwalwarsa ta saba cewa kofi kofi ne ko ta ina aka juya shi, sai ga boko ya zo da abin da juyawa ke canza masa suna. A bar shi ya gina haruffan da laka, ya juya su da hannunsa, ya ga inda suka rabu.

Inda atisaye ba ya isa

Jirin da ya zo kwatsam tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko ganin abu biyu biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, asibiti ake nufa a take, domin yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Jirin da ke tasowa na 'yan sakanni idan ka juya a shimfiɗa ko ka sunkuya, sau da yawa tsakuwoyin kunnen nan ne suka ɓalle suka faɗa bututu, kuma likita na iya mayar da su da wasu juye-juyen kai da ake kira da sunan Epley. Mai ciwon suga da ke jin tafin ƙafarsa kamar ya taka auduga ya nuna wa likita. Akwai kuma allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin da ke iya lalata na'urar kunne, shi ya sa bai kamata a riƙa karɓarsu a kemis ba tare da umarnin likita ba. Duk wanda ake yi wa su ya fara jin ƙara a kunne, ko ya ga abubuwa na tsalle idan yana tafiya, ya faɗa a ranar.

Sake aunawa

Ka ba abin mako 12. Tsawon da aka ɗauka ke nan a wani bincike a Hambug ta Jamus da aka buga a 2017, inda manya masu lafiya suka yi atisayen tsayuwa sau biyu a mako, aka ga tunawa da tunanin wurinsu sun ƙaru fiye da na waɗanda aka ba atisayen hutawa kawai. Duk bayan mako huɗu ka maimaita gwaje-gwajen mataki na biyu da na uku, a kusurwa ɗaya, a lokaci ɗaya na rana, amma da sababbin katuna da hotuna, domin tsofaffin haddace su za ka yi. 

Kawu ya zaɓi bayan sallar asuba, a kusurwar shagonsa kafin yaran aiki su iso. Yana dafa teburin yanka da yatsa ɗaya, ya kafe ido a kan wata lamba a jikin kalanda, yana juya kai. Har yanzu ba ya fita da dare sai da tocila, kuma likita ya ce masa ya ci gaba da riƙe ta. Ranar da na leƙa shi na ƙarshe, na same shi tsaye ƙafa a gaban ƙafa, wani almajirinsa na ɗaga masa hannun riga da aka yanka a karkace, shi kuma yana cewa, "Na hagu ne. Kawo na gaba."